Littafi Na Uku Ba Ya Fita

Ranar da na fara aiki a laburaren garinmu, Malam bai tambayi ko sunana ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya nuna wani kabad na katako a can lungu, bayan bencin masu cajin waya, ya ce, "Ga aikinki can."

Malam shi ne shugaban wurin. Ya fi shekara ashirin a kan kujerar nan, in ka gan su sai ka rantse tare kafinta ya ƙera su. Ni kuwa shekarata biyu da gama sakandare, ina zaune gida ina tsinkar zogale ina faɗa da duk wanda ya gifta, har kawuna ya gaji da kawo masa ƙarata ya nemo mini gurbin. Gwaji ne na wata uku, haka aka ce.

Na buɗe kabad ɗin, warin ƙasa ya doke ni. Littattafan labari ne na Hausa, ƙanana masu siririn bango, an ɗaure su kashi-kashi da igiyar leda. Wani ɗan Bagudo da ke aiki a Kano ne ya aiko su cikin kwalaye tun ina firamare, aka buga musu hatimi, aka rufe. Gara ta riga ta fara da layin ƙasa.

"Bayan damina mai duba aikinmu zai zo daga Birni," in ji Malam daga inda yake zaune. "Ana son wanga lungu a sa injin fotokwafi. In ya tarar babu mai karanta tatsuniyoyin ga, su tahi sito, ke ki tahi gida. Babu kabad, babu ke."

"Ba tatsuniyoyi ba ne, Malam."

"Ƙarya ce dai anka rubuta, anka sa mata bango."

Tun daga wannan safiyar na tsane shi, kuma ban ɓoye ba.

Mutum iri uku ne ke shigowa laburaren. Akwai tsofaffin ma'aikata masu zuwa karanta jaridar shekaranjiya su yi gardama a kanta kamar yau aka buga. Akwai ɗalibai masu neman tambayoyin jarrabawar bara. Sai masu cajin waya, don muna da sola, kuma su ne suka fi yawa. Waɗannan ko takarda ba sa kallo. Su cire takalmi, su miƙe ƙafafu har tsakiyar ɗaki, su jira waya ta cika.

Na goge littattafan, na jera masu kyawun bango a tebur na gaba, na rubuta a kwali da babban baƙi cewa aro kyauta ne. Kwana biyu ba wanda ya taɓa. A na uku wani malamin firamare ya ɗauki ɗaya, sai na ga yana fifita da shi. Na je na zare shi daga hannunsa na ce mafici a kasuwa ake sayarwa. Ya kai ƙarata wajen Malam. Malam ya ce in ba shi haƙuri, na ce sai dai ya ba littafin.

Wani ɗalibi kuma, ƙato da gemu, na tura masa ɗaya gabansa. Ya juya shi gaba da baya.

"Zai fito a jarrabawa?"

"Ba zai fito ba."

"To mi zan yi da shi?"

"Ka karanta, ko kanka ya daina zama buhun ƙaiƙayi."

Shi ma ya kai ƙara. Cikin mako biyu na yi faɗa da rabin masu shigowa, kuma ko littafi ɗaya bai fita ba.

Alhali na san inda masu karatun suke. A makarantar kwana da na yi, littafi ɗaya sai ya zagaye ɗaki uku har bangonsa ya koma kamar tsumma. 'Yan matan nan ba su mutu ba. Aure suka yi, suna cikin gidaje a Bagudo da Geza da Bahindi, suna dafa shinkafa. Masu manyan waya suna karatunsu a waya, amma ba kowacce ke da ita ba. Kuma kafin a ba ka katin aro a wajenmu sai ka zo da kanka, da hoton fasfo, da sa hannun wani ma'aikaci da ya tsaya maka. Wace matar aure ce za ta je ta ɗauki hoto, ta nemi sa hannu, sannan ta tsallake ƙafafun mazan nan don ta ce tana son littafin labari? Na gaya wa Malam haka. Ya ce ba shi ya rubuta dokar ba. Na ce amma shi ke kwana da ita.

Ruwan sama ne ya kawo mini Inna. Dillaliya ce, tsohuwa mai ƙarfi, mai baki kamar reza. Takan sayo atamfa da turare da kwanukan silba ta wajen Illo, daga ƙetaren iyaka, ta ɗora a daro ta bi gidaje. Babu zauren da ake hana ta wucewa. Ranar ta fake a barandarmu, ta sauke daron, tana matse bakin zanenta tana zagin hadari. Na dubi daron na dube ta.

"Inna, za ki ɗaukar mini kaya?"

"Kayan mi?"

Na nuna mata. Ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Ɗiyar boko, ni ko alif na bokon ga ban sani ba. Mi zan samu?"

"Gidan da kika shiga yau, yaushe kike komawa?"

"Sai an neme ni. Ko wata guda."

"In kin bar musu wannan, bayan kwana uku su za su aika a kira ki. Labarin kashi-kashi ne. Wadda ta gama na ɗaya ba za ta iya barci ba sai ta ga na biyu. Kuma in kin koma, ai da daronki za ki koma."

Ta gutsuri goro ta tauna. Sai ta ɗaga atamfofin sama ta ce, "Sa su a ƙasa, kada su jiƙe."

Da sunana nake fitar da su a rajista, tunda ni ina da kati. Na sayi littafin rubutu na dabam ina sa gidan da kowanne ya tafi: gidan mai injin niƙa, gidan da ke bayan masallacin kasuwa, gidan Fulanin da ke hanyar Geza. Kafin Inna ta fita nakan ba ta farkon kowane labari a baki, kaɗan kawai, yadda za ta ja ran mutum. Ita kuma ta ƙara nata gishirin. Daga baya na ji cewa kowace amarya a cikin kowane littafi, a bakin Inna, irin atamfar da ke cikin daron ta ɗaura ranar bikinta. Na ce mata wannan ƙarya ce.

"Ke kin ga zanen da ta ɗaura?"

"Ba a faɗa ba."

"To ni na faɗa."

Abin ya kama fiye da yadda na zata. Na ɗaya ya fita, ya dawo bayan kwana uku, na biyu ya bi shi. Wanda ya fi kowanne tafiya shi ne wani mai koren bango, matan suna ce masa mai wasiƙa. Labarin wata mata ce da yayanta ya tafi ci-rani kudu bai dawo ba, sai wasiƙa da ke zuwa duk shekara. Ta gaji da wasiƙa, ta ɗaura ɗamara ta tafi nemansa. Na biyu yana ƙarewa ne tana tsaye a ƙofar gidan da aka ce mata yana ciki. Littafin rubutuna ya cika shafi bayan shafi. Nakan buɗe shi a kan tebur yadda Malam zai gani. Bai taɓa cewa komai ba.

Sai aka fara neman na uku.

Na lura tun farko cewa ɗaurin da ke kabad na ɗaya da na biyu ne kawai, amma na ɗauka sauran suna can ƙasa, ban tsaya dubawa ba. Ni ba na tsayawa duba abu, halina ne. Na fitar da komai na zube a ƙasa, na bi ɗaya bayan ɗaya. Babu na uku ko guda. Duk labarin da ke kabad ɗin ba shi da ƙarshe.

"Mi kike nema?" in ji Malam.

Na gaya masa. Ya sa ƙafa ya taɓa wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin teburinsa, wanda kullum nake zaton takardun ofis ne a ciki.

"Suna nan. Goma sha bakwai sunka rage."

"To a ba ni."

"Na uku ba ya fita."

"Saboda me?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, a hankali, don ya san jira na ƙona ni.

"Lokacin da anka kawo su, ni ma na ba da aro. Mai na ɗaya tana maido shi don ta karɓi na biyu. Mai na biyu tana maido shi don ta karɓi na uku. To mai na uku fa, don mi za ta maido? Don ta gaishe ni? Rabinsu haka sunka tahi. Wanda ke son na uku, ga benci, shi zauna shi karanta gabana."

"Matan aure ne, Malam. A tsakanin ƙafafun waɗannan za su zauna?"

"Ba ni na ce ki kai musu ba."

"Wannan mugunta ce. Ka ba mutum tuwo ka ɓoye miya."

"Ɗiyata, ba ni na ba su tuwon ba."

Na ce kada ya ƙara ce mini ɗiyarsa. Masu caji suka yi dariya, ɗaya ya ce a bar yarinya ta huce. Na ce masa wayarsa ta cika tun ɗazu, ya kwashe ƙafafunsa ya ba mu wuri.

Mako biyu Inna na kawo mini saƙon zagi. Ba ta rage komai, har muryar mai saƙon take kwaikwaya. Matar mai injin niƙa ta ce in ba ni da ƙarshen labari me ya kai ni fara shi. Wata ta ce ta ƙona miya sau biyu saboda matar nan da ke tsaye a bakin ƙofa, kuma ni zan amsa a gaban Allah. Wata ta ce ta san uwata, ba ta yi zaton za ta haifi mayaudariya ba. Inna kanta ta fara jin jiki, don a wasu gidajen an daina buɗe daronta, ana ganinta sai a ce ina na uku.

"Ke, abin ga mai sauƙi ne," ta ce mini. "Zauna kan bencin tsohon ki karanta, ki hwaɗa mini ƙarshen, ni in kai musu a baki."

"Allah ya kiyaye."

"Don mi?"

"Ba a faɗa wa mutum ƙarshen labarin da yake karantawa. Sata ce."

Da gaske nake. A aji uku na taɓa fasa wa wata yarinya leɓe saboda ta leƙo ta bayana ta ce mini wanda nake so a littafin shi ne ɓarawon. Na sha bulala a gaban makaranta, ban ba ta haƙuri ba, kuma har lokacin da nake magana da Inna ina ganin ni ce da gaskiya. Inna ta taɓe baki ta ce 'yan boko da ƙa'ida kamar masu aikin hajji.

Sai aka yi wa Malam rasuwa a Bahindi, wani ɗan'uwansa. Zai yi kwana uku. Ya miƙo mini zoben makullai gaba ɗaya, ya ce in buɗe da wuri in rufe da wuri. Ya san makullin akwatin na ciki. Ni ma na san ya sani. Bai kai tasha ba na durƙusa ƙarƙashin teburin.

Sababbi ful suke, ko lanƙwasa babu. Na zauna na karanta na ukun mai wasiƙa a zaune ɗaya, ban ci abincin rana ba. Da Inna ta zo na zuba mata duka goma sha bakwai a daro.

"Tsohon ya yarda?"

"Ɗauki ki tafi, Inna."

Da Malam ya dawo ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallon cikinsa. Na shirya wa ihu, na tanadi amsoshi tun daren jiya. Bai yi ihu ba. Ya rufe, ya zaro wata takarda daga aljihu ya ajiye a gabana.

"Mai duba ya matso da zuwansa. Kwana goma. Waɗanga goma sha bakwai suna cikin jerin da zan ba shi, don su kaɗai na iya rantsewa a kansu. In ɗaya ya ɓace, da sunanki ya fita."

"Za su dawo."

"To."

Wannan "to" ɗin ta fi zagi ciwo.

Kwana uku suka wuce, lokacin da na ɗaya da na biyu kan dawo. Babu ko ɗaya. Kwana huɗu, Inna ta kawo guda biyu, ta ce sauran sun ce ba su gama ba, ko sun ba wata, ko dai ta dawo jibi. Ba wanda ya ƙara aika a kira ta. Abin da tsohon ya faɗa ne, kalma da kalma, kuma babu abin da ya fi ƙona mini rai kamar wannan.

Na sa hijabi na ɗauki littafin rubutuna na shiga gidajen da kaina. Ban iya lallashi ba, ban ma gwada ba. Ina yin sallama sai in ce littafin gwamnati na zo karɓa. Wata ta ce in zauna in sha ruwa, na ce ba ƙishirwa ta kawo ni ba. Matar mai injin niƙa ta ce ƙanwar mijinta ta tafi da shi Geza, na ce to ta sa mayafi mu tafi Geza yanzu, sai ga shi ya fito daga ƙarƙashin katifa. Wata ta rufe tulun ruwa da nata, bangon ya kumbura. Na tambaye ta ko faifai ya ƙare a duniya. Ta ce in fita mata daga gida, na ce dama ba kwana na zo yi ba. Wata tsohuwar 'yar ajinmu, wadda muka kwana gado ɗaya shekara biyu, ta jefo mini nata ta kan katanga ba ta ko fito ba.

Cikin kwana huɗu na tara goma sha shida. Saura na ukun mai wasiƙa.

"Ya ƙetare," in ji Inna, ba ta dube ni ba.

"Ya ƙetare ina?"

"Akwai wata ɗiyar Bahindi da ke aure can bayan Illo, cikin Benin. Wajen mijinta nike sayen turare. Ita ta fi kowa naci kan littafin ga. Na ɗaya da na biyu ma ni na kai mata."

"Kika kai littafin gwamnati wata ƙasa?"

"Wace wata ƙasa? Gonar shinkafa ce tsakani."

Saura kwana biyu. Da asuba na hau mota zuwa Illo, muka yi ta faɗawa ramuka, na zauna a kan buhun wani da kaji a ƙafata. Daga Illo na ɗauki kabu-kabu da kwatancen Inna. Hanyar duk taɓo ce, shinkafa kore shar hagu da dama, sau biyu muka sauka muka tura mashin. Ban san lokacin da muka bar Nijeriya ba sai da na ga allon wata makaranta da Faransanci. Na isa rana ta take, zanena ya yi kaca-kaca har gwiwa, raina kuma ya gama ɓaci tun a mota.

Matar ba ta fi ni da shekara biyar ba. Na same ta tana turara shinkafa a tsakar gida. Da na ce daga laburare nake, ta saki muciya ta rungume ni kamar 'yar ɗakinsu.

"Malama ce da kanta! Lale, lale. Ke ce mai aiko mana?"

Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta dama fura. Na ce littafin na zo karɓa. Ta shiga ɗaki ta fito da shi a naɗe cikin wani tsohon ɗankwali, ta warware a hankali. Duk cikin goma sha bakwai ɗin babu wanda aka riƙe da tsabta kamarsa. Akwai tsinken tsintsiya a ciki, alamar inda ta tsaya. Na leƙa. Shafi na ashirin da ɗaya, cikin tamanin da wani abu.

"Kwana goma yana hannunki, nan kika kai?"

Ta yi dariyar kunya. Ta ce a aji huɗu ta bar makaranta, da yatsa take bi, wata kalmar sai ta maimaita sau uku. Bayan la'asar take samun zama. Kuma maƙwabtanta biyu sukan zo, su Dandanci, yaren wajen, kawai suke ji sosai, sai ta karanta layi ta juya musu, su yi ta gardama, shafi ɗaya ya cinye yamma.

"An ce wa matar cikin labarin yayan nata ya tashi daga gidan, ya koma wata unguwa. Yanzu tana hanya. Malama, ki bar mini shi zuwa kaka, wallahi da hannuna zan kawo."

"Jibi ake nemansa."

"To ko kwana uku. In daina juya musu, in yi sauri."

"Na ce miki jibi. Ba ki jin Hausa ne, ko ita ma sai an juya miki?"

Fuskarta ta canza, amma ba ta saki ba. Na kama gefe ɗaya, tana riƙe da ɗaya. Ba ja take yi ba, riƙewa kawai take, da hannu biyu.

"Don Allah, malama. Ina son in ga ta same shi."

Na tuna motar da zan koma a ciki, da taɓon hanya, da "to" ɗin Malam, da zaman gida ina tsinkar zogale. Na tuna in na tsaya roƙo la'asar za ta same ni a nan. Hanya mafi sauri na nema, kuma na san ta.

"Ba ta same shi ba. Ya mutu. Tun shekarar da ya tafi ya mutu. Uwarsu ce ke sa a rubuta wasiƙun don kada 'yar ta karaya. Shi ke nan labarin. Kin huta da bi da yatsa."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Na fi son ta zage ni, don na iya wannan. Ta buɗe littafin yana hannunmu mu biyu, ta zare tsinken tsintsiyar, ta sakar mini.

"Ki sha furarki," ta ce. "Hanya da nisa."

Ta koma wajen tukunyarta. Ban sha ba.

Mai duba ya zo ranar da aka ce. Bai yi rabin awa ba. Ya ƙirga na akwatin, ya bi jerin da biro, ya buɗe littafin rubutuna ya ga gidaje shafi bayan shafi, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, a ci gaba. Kabad zai zauna inda yake. Injin fotokwafi a nema masa wuri a baranda. Ni kuma a rubuta takardar tabbatar da ni. Masu caji har da tafi, waɗanda na kora da bakina.

Bayan mako ɗaya Inna ta shigo. Ba ta tsaya a baranda ba kamar kullum. Ta tsallake ƙafafun mazan, ta sauke daro a gaban teburina, ta ɗaga atamfofi, ta fito da duk littattafan da suka rage a waje, na ɗaya da na biyu, ta jera su.

"Ƙirga."

"Sun cika. Ga waɗansu sababbi na ware miki."

"Ba ni ɗauka."

"Saboda me?"

"Babu mai karɓa. Magana ta zagaya. An ce littafin ga tarko ne, in ka karɓa sai ɗiyar laburare ta biyo ka har ɗaka ta ci mutuncinka gaban 'ya'yanka. Ni abincina a gidajen nan yake." Ta gyara ganwo. "Waccan ta ƙetare kuwa, yayanta shekara bakwai ke nan yana Kwatano. Ba a ganinsa. Sai dai direba ya zo ya ce an ce yana gaisuwa. Kin sani?"

"Ban sani ba."

"Ba ki tambaya ba."

Duk ɗakin ana kallona. Ni kuwa in aka matse ni a gaban mutane ba na iya yin shiru, sai na mayar.

"To sai me? Ni na kai shi Kwatano? Littafi ne fa, Inna. Ƙarya ce aka rubuta aka sa mata bango."

Sai da maganar ta fita daga bakina na ji ashe ta Malam ce. Inna ta ɗora daronta ta fita ba sallama. Har yau in mun haɗu a kasuwa takan amsa gaisuwata, amma ba ta tsayawa.

Da aka tashi aiki Malam ya kira ni. Ya zare ƙaramin makulli daga zoben, na akwatin ƙarfe, ya ajiye a gabana.

"Riƙe. Yanzu kin zama ma'aikaciya."

Na so in jefa masa shi a fuska. Na sa shi a jaka.

Shekara huɗu ke nan. Malam ya yi ritaya ya koma gonarsa, wani aka kawo wanda shi ko akwatin bai san da shi ba. Kabad na nan a lungu, cike, babu gara, duk wata nake fitar da su in kakkaɓe in sa magani. Littafin rubutun nan na gidaje ya tsaya a shafin da mai duba ya sa hannu. Na sake gwada wasu dillalai biyu, ɗaya ta ce ta ji labarina, ɗayar ta karɓa ta dawo da su washegari ba a buɗe ba. Na ukun mai wasiƙa yana akwati tare da 'yan'uwansa. In ka buɗe shafi na ashirin da ɗaya akwai ɗan layi a tsaye inda tsinken ya kwanta.

Kwanan baya wata 'yar sakandare ta shigo, da katinta da hotonta da komai. Ita kaɗai ta gano kabad ɗin, ban nuna mata ba. Ta ɗauki na ɗaya, ta dawo da shi ranar Laraba. Ta ɗauki na biyu, ta dawo da shi ranar Asabar da gudu, ko numfashi ba ta gama mayarwa ba.

"Anti, ina na uku? In tafi da shi, gobe babu makaranta."

Na buɗe akwatin na fito da shi. Ta miƙo hannu. Na dubi hannun.

Na ce, "Ga benci."